Yadda Farfesa Ya Yaba Kan Dakta Wagdi

"Ba a bin layi a samu aiki," in ji Dakta Wagdi Zahran. "A babban taron likitoci ake samun sa, tsakanin kofin shayi da yankan kek. Ku ba ni kwana biyu kacal a Iskandariya. Ranar da zan dawo, asibitocin Alƙahira za su yi dambe a kaina har sai an kira 'yan sanda sun raba."

A gidan shayin bakin layinmu a Zagazig ya yi wannan cika baki, ranar Talata bayan la'asar, a gaban mutum tara. Tara ne, ba ashirin ba kamar yadda masu ƙarin gishiri ke bazawa. In za a ba da labari, a ba da shi daidai.

Wagdi a lokacin yana ƙarasa shekarar horon da ake yi a asibiti bayan an gama makarantar likita. Allah ya yi masa jiki, ban da tauyewa. Kansa kamar tulu, muƙamuƙinsa kamar aljihun tebur da aka manta ba a rufe ba, tafin hannunsa kuwa za a iya tuya a kai. Nas-nas suna kiran sa Dala ta Huɗu, wato ƙari a kan manyan dala uku na bakin Alƙahira, shi kuma ya ɗauka kirari ne. Girman kai dai ya same shi ta fuska biyu, wanda ake gani da wanda ake ji. Shi ne wanda ya taɓa ɗora abin sauraron ƙirji a jikin wani tsoho, ya lumshe ido yana gyaɗa kai har tsawon minti uku, alhali kunnuwan abin suna rataye a wuyansa.

Duk da haka arziki ya leƙo shi. Asibitin gunduma ya ba da gurabe biyu, ɗaya nasa, ɗaya na Dakta Nermin, 'yar ajinsu wadda ta shekara tana tare masa aiki duk ranar da ya ce kansa na ciwo. Sharaɗi ɗaya ne: a zo a sa hannu ranar Asabar kafin sha biyun rana, wanda bai zo ba a miƙa wa na bayansa, kuma na baya ɗin sun kai ɗari biyu. Nermin ta yi murna. Wagdi ya ce asibitin gunduma wurin ɗinke goshin yaran da suka faɗo daga jaki ne, shi zai ajiye gurbin a aljihu kawai har ya dawo daga taro.

Sai ya tafi wajen Usta Girgis mai injin buga takardu ya sa a buga masa katin gabatar da kai guda ɗari biyar. A nan ne dole a tsaya a fayyace gaskiya, domin an zalunci bawan Allah. Wagdi ya so a rubuta garrah a ƙarƙashin sunansa, wato likitan tiyata, ko da yake ko ƙurji bai taɓa tsagawa shi kaɗai ba. To duk yaron da ya wuce aji biyu ya san a rubutun Larabci harafin ƙarshe na wannan kalma "ha" ne, cikinsa fayau. Ka ɗiga masa ɗigo ɗaya a ciki, ya zama "jim", kalmar ta koma garaj. Gareji ke nan, inda ake ajiye mota. Daga baya Wagdi ya tsaya a gidan shayi yana kiran Usta Girgis makahon jaki, yana cewa shi ya ɓata masa rayuwa. Ƙarya ne. Takardar da ya rubuta da hannunsa tana nan a aljihun teburin Usta Girgis, ɗigon yana zaune a cikin harafin, ƙato kamar ƙwayar wake. Usta Girgis har ya tambaye shi sau biyu ko ya tabbata, Wagdi ya ce masa mai buga takarda ba ya gyara wa likita rubutu. Saboda haka Usta Girgis yana bin Wagdi ban haƙuri, kuma ba a waya ba: a gidan shayin nan, da muryar da ya yi zagin da ita, a gaban waɗanda suka ji. Wanda ya san Wagdi ya isar masa.

Taron a wani babban otal ne a bakin teku. Likitoci wajen dubu biyu, kowa da igiya a wuya da sunansa a jiki, kowa da jakar kyauta ta kamfanin magani. Wagdi ya duba nasa katin wuyan ya ga an rubuta "ɗan horo", nan take ya cire ya cusa a aljihu. Sannan ya kafa kansa a bakin ƙofar shiga cikin kwat mai ruwan ƙasa, yana raba katunansa kamar mai raba alewar biki.

Kafin azahar mutum uku sun tambaye shi ko akwai sauran wuri a ƙasa. Ya ce musu a wurinsa kullum akwai wuri, gwargwadon girman matsalar. Wani likitan ƙoda mai tumbi ya karanta katin, ya danƙa masa makullin mota a tafin hannu, ya ce in da ruwa a ɗan goge ta. Wagdi ya yi tunani kaɗan, ya gano cewa babban mutum ba ya ba ka makullinsa sai ya yarda da kai, ya jefa a aljihu ya shiga lacca. Zuwa yamma makullai huɗu yake ɗauke da su, motoci huɗu kuma sun toshe ƙofar otal, har sai da aka yi cigiya a lasifika. Ya kira Nermin ya gaya mata cewa tun ranar farko an ambace shi a gaban taro duka.

Kashegari ya ga ya kamata a ji muryarsa. Da wata likita ta gama jawabi a kan ciwon suga aka ce ko akwai mai tambaya, ya kama makirufo da hannu biyu, abin ya ɓace a cikinsu. Ya fara daga kakansa. Ya bi ta makarantar firamare, ya tsaya ya yi bayanin zaluncin da aka yi masa a jarrabawar shekara ta uku. A minti na tara shugaban zaman ya matso da bakinsa kusa da nasa makirufon.

"Ya Basha, ina tambayar take?"

"Tambayar ita ce, kuna ɗaukar ma'aikata?"

Aka yi dariya har wani ya ƙware. Wagdi ya rusuna ya karɓi abin a matsayin tafi.

A wajen cin abincin rana ne ƙaddara ta same shi. Saura yankan basbusa ɗaya a faranti, wani kek mai zaƙi, ya miƙa hannu, sai wani ɗan tsamurmurin tsoho mai tabarau ya cafke masa wuyan hannu. Ba basbusar yake kallo ba, hannun yake kallo. Farfesa Adli Makariyos ke nan, daga wani babban asibitin koyarwa a Alƙahira, wanda ya ƙare rayuwarsa a kan cututtukan da ke sa jiki ya tsumbure ko ya yi ta girma ba tsayawa. Akwai wata a cikinsu da ke sa hannu da ƙafa da muƙamuƙin baligi su ci gaba da faɗi, kuma farfesa ya daɗe bai samu mai ita ba da zai nuna wa ɗalibai.

Ya juya hannun gaba da baya kamar mai taya kifi a kasuwa. Ya ɗaga ido ya dubi goshin, ya dubi haɓar, idonsa ya kawo ruwa.

"Ɗana, shekara goma ina neman irinka," in ji shi. "Kai irin naka ba a samun sa a ko'ina."

"Haka malamaina suke faɗa, ya Farfesa."

"Takalminka lamba nawa?"

"Arba'in da bakwai."

"Masha Allah. Kana minshari?"

Wagdi ya ce ba ya barci a bakin aiki. Farfesa ya sa ya buɗe baki ya fiddo harshe a tsakiyar mutane, ya leƙa, ya yi hamdala. Wagdi ya miƙa masa kati. Tsohon ya karanta, ya ce sana'a ce mai albarka, bai kuma yi mamakin "Dakta" da ke gaba da sunan ba, tunda a ƙasar nan kowane bakanike daktan mota ne. Ya ce masa ya zo ranar Asabar ƙarfe takwas na safe, hawa na uku, kada ya ci komai.

"Ɗalibaina za su koyi abin da babu littafin da zai koya musu, daga gare ka," in ji farfesa. Ya kuma bar masa basbusar.

Wagdi ya dawo Zagazig ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa. Ya sanar da gidan shayi cewa an naɗa shi malamin likitoci a Alƙahira ba tare da ya cika takarda ko ɗaya ba. Nermin ta zaunar da shi a barandar asibiti ta sa ya maimaita hirar kalma bayan kalma, tana saurare tana kallon hannunsa.

"Wagdi, wane mai ɗaukar aiki ne yake tambayar lambar takalmi?"

"Wanda zai saya maka na ɗakin tiyata."

"Harshen fa?"

"Malami da harshe yake aiki, ya Dakta. Ba za ki gane ba, ba ki zuwa taro."

Ta tambaye shi ko ya san fannin farfesan. Ya ce babban mutum ba a tambayar sa fanni. Ta tambaye shi dalilin hana shi cin abinci, ya ce ai walimar maraba aka shirya, ba a son ya zo da ƙoshi. Nermin ta roƙe shi da girman Allah ya zo su sa hannu da sassafe, ya bi jirgin ƙasa na tara, in ya makara ya ce wa farfesa hanya ce ta cushe, wanda ba wanda zai ƙaryata. Ya ce wanda zai hau doki ba ya riƙe akalar jaki. Maimakon sa hannu, ya zauna ya rubuta wa shugaban asibitin gunduma wasiƙar ƙin karɓar aiki mai shafi huɗu, uku daga ciki shawarwari ne kan yadda ya kamata a tafiyar da asibiti. An ƙirga kurakuran nahawu goma sha bakwai a cikinta, ban da na ɗigo.

Ranar Asabar ya isa hawa na uku da cikinsa yana kuka. Wata nas, Madam Ihsan, ta duba takarda ta ce, "Kai ne na Iskandariya? Farfesa ya ce a kula da kai sosai." Ta miƙa masa shuɗiyar riga. Ya ga tana ɗaurewa ta baya, ya ce lallai Alƙahira ta ci gaba, haka manyan likitocin tiyata suke sakawa. Aka ɗebi jininsa kwalba uku, aka ɗauki hoton kansa, ya ce gwajin lafiyar sabon ma'aikaci ne. Aka kai shi wani dogon ɗaki mai gadaje goma sha biyu aka ce ya hau na shida. Ya tambaya ko ofishin nasa ba a gama fenti ba ne. Madam Ihsan ta ce e, ya kwanta.

Ranar jarrabawar ɗalibai ce, kuma mutanen da ke kan sauran gadajen marasa lafiyar jarrabawa ne. Kowane asibitin koyarwa yana da nasa: masu tsohon ciwo da ba ya kisa ba ya warkewa, waɗanda ake kira duk lokacin jarrabawa su kwanta ɗalibai su lalube su. Sun san cutarsu fiye da littafi, har da sunanta na Turanci. Shugabansu a wannan ɗaki shi ne mai gado na biyar, Ammu Shahata, wato Baffa Shahata, dattijo mai kumburarriyar saifa, shekara ashirin da biyu a bakin aiki. Rabin manyan likitocin asibitin ta kan cikinsa suka bi suka zama mutane, kuma har yau in sun wuce sai sun gaishe shi.

Ya dubi Wagdi sama da ƙasa ya ce, "Sabon zuwa ne? Me ka kawo?"

"Ilimi na kawo, ya Ammu. Ni ne sabon malami."

"Dukanmu malamai ne a nan, ɗana. Ka kwanta daidai, ka saki ciki. In ɗalibi ya rikice ka raɗa masa amsa a hankali, kada bakinka ya motsa. Ƙa'idar ɗakin ke nan."

Ɗalibar da ta faɗo a gado na shida sunanta Yumna. Ta gaishe shi ta tambaye shi abin da ke damun sa. Ya ce babu abin da ke damun sa sai yunwa, kuma ta miƙe tsaye da kyau in tana magana da malaminta. Ta rubuta: yana jin yunwa, yana da ruɗewar tunani. Ta auna kansa da tef, tef ɗin ya kusa kasawa. Ta auna yatsunsa. Da ta hango farfesa ya taso daga gado na huɗu da takardar maki, duk abin da ta karanta ya gudu, ta sunkuya ta ce, "Don Allah Ammu, mene ne sunan cutar?"

Wagdi ya gane cewa darasinsa na farko ke nan, kuma ana kallon yadda zai koyar. Wace cuta ake nufi, bai sani ba, amma rashin sani bai taɓa hana shi amsa ba. Ya tuna wadda ta fi yawa a karkarar Zagazig ya raɗa mata, "Tsutsar ciki."

Farfesa Adli ya iso yana murmushi irin na mai shirin buɗe kyauta, ya tambayi ɗalibar me ta gani. Ta ce tsutsar ciki. Murmushin ya tsaya a inda yake. Ya cire tabarau ya goge, ya tambaye ta wace irin tsutsa ce ke hawa ta faɗaɗa wa mutum muƙamuƙi, kuma takalmi lamba nawa ita tsutsar take sakawa. Yumna ta fashe da kuka ta nuna Wagdi ta ce shi ya gaya mata.

Ammu Shahata ya tashi zaune, abin da bai taɓa yi ba a tsakiyar jarrabawa. Ya ce shekara ashirin da biyu ba a taɓa raɗa amsar ƙarya a wannan ɗaki ba, yau an zubar musu da mutunci.

"Kai da aikinka gareji, me ya kai ka faɗin sunan cuta?" in ji farfesa.

"Gareji?"

Farfesa ya zaro katin daga aljihu ya miƙa masa. A karo na farko Wagdi ya karanta abin da ya raba wa mutum ɗari huɗu da tamanin. Ya daɗe yana kallon ɗigon, ɗigon yana kallon sa. Sannan ya ce da ƙaramar murya shi fa likita ne, ya gama makaranta, aiki ya zo karɓa. Farfesa ya fara tambayar wace makaranta, sai ya ɗaga hannu ya ce a'a, kada ya faɗa, akwai ɗalibai a wurin.

Ana haka Madam Ihsan ta kawo sakamakon gwaji. Farfesa ya duba, ya ɗaga hoton kan ya kalla a hasken taga, fuskarsa ta faɗi kamar wanda aka yi wa rasuwa. Jini lafiya, hoto lafiya, babu cuta ko ta anini. Ya tambaye shi yaya kan mahaifinsa yake. Wagdi ya ce ya fi nasa, na kakansa ma sai da aka yi masa hula ta musamman.

"To ba cuta ba ce, gado ne," in ji farfesa. "Sai ka tashi mana daga gadon."

Aka mayar da Yumna gado na biyar, saifar Ammu Shahata ta fitar da ita kunya. Wagdi ya bi farfesa har bakin ƙofa yana riƙe bayan rigarsa da hannu ɗaya, yana tambayar maganar aiki. Farfesa ya ce in Allah ya so, kuma duk wanda aka haifa a ƙasar nan ya san ma'anar wannan in an faɗe ta ana tafiya ba a waiwayo.

Ya koma neman wandonsa, ya tarar da saƙon Nermin a waya, ƙarfe sha biyu da minti biyar. Ta sa hannu. Nasa gurbin an ba wani. Shugaban asibiti kuma ya manna wasiƙar tasa a allon sanarwa, mutane suna layi suna karantawa.

Ya zauna a bakin gado na shida da takalmi ɗaya a ƙafa. Aka shigo da abincin rana na marasa lafiyar jarrabawa, shinkafa da kaza, ƙamshi ya cika ɗakin. Ya ga wani babban likita ya tsaya ya tambayi Ammu Shahata lafiyar iyali. Ya ga aiki ne a Alƙahira, a babban asibiti, a kwance ake yin sa, ga girmamawa. Dabara ta ƙarshe ta faɗo masa. Ya matsa kusa da dattijon ya ce, ko da yake ba shi da cutar, ai yana da kamanninta, ɗalibai kuma ba za su gane ba. Ko za a sa sunansa a cikin ma'aikatan ɗakin?

Ammu Shahata ya ajiye cokali ya ce ba a shiga sai da gwaji. Ya tambaye shi alamomi biyar na cutar da yake son wakilta. Wagdi ya kawo ɗaya da rabi. Ya tambaye shi daga ina cutar take tasowa, Wagdi ya nuna ƙirji maimakon kai, mai gado na bakwai ya yi salati. Dattijon ya yaye rigarsa ya ce to ga saifa nan, wadda makaho ma ya san inda take, ya taɓa ta. Wagdi ya naɗe hannun riga, ya lumshe ido, ya danna gefen dama, alhali saifa a hagu take.

Ammu Shahata ya sauke rigarsa a hankali, ya ɗauki cokalinsa.

"Ɗana, kada ka ji haushi. Ka koma gida ka yi karatu, ka sake nema baɗi. Wannan ɗakin ba ma ɗaukar wanda bai san likitanci ba."